Kamu da Yadi: Awo Biyu a Kasuwannin Damargu

A ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji har ƙauyukan da ke kewaye da Falanko, awo biyu ne suke cin kasuwa ɗaya, kuma har yau ɗaya bai kori ɗaya ba. Mai rumfar atamfa da shadda da yadi yake yanka kuɗi. Mai igiyar guga da gaba yake aunawa, yana ware hannuwa yana ƙirgawa a gaban mai saye. Dattijon da ya zo sayen rawani kuwa, ko an faɗa masa kuɗin yadi, sai ya ɗora ƙyallen a gwiwar hannunsa ya ji kamu nawa ne kafin ya ce ya saya. Duk wannan a ƙasar da mita ce awonta a hukumance, da ita ake koya wa yara lissafi a makaranta, da kilomita kuma ake faɗin nisan Damagaram zuwa Agadas. Tun da yake kullum sai an juya wannan awo zuwa wancan, ya dace a ajiye su gefe da gefe, a ga abin da kowanne ya iya, a kuma ga abin da ke zubewa lokacin juyawar.

Kamu shi ne tsawon da ke tsakanin gwiwar hannu da kan yatsan tsakiya, wanda malamai ke kira zira'i. Ƙasa da shi akwai dani da taƙi, awon buɗaɗɗen tafin hannu daga babban yatsa zuwa kan wani yatsan, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya. Sama da shi akwai gaba, daga kan yatsun dama zuwa kan na hagu idan mutum ya ware hannuwansa iyakar warewa. A ƙasa kuma akwai taku, wanda ake auna fili ko kewayen ɗaki da shi. Ba sarkin da ya kafa waɗannan da doka. Jikin ɗan Adam ne ya ba da su, shi ya sa ake samun irinsu wajen Larabawa da Misirawan dā, har da Turawan kansu.

Yadi kuwa baƙo ne daga Ingila, tsawonsa ƙafa 3, wato inci 36. Shi ma ana danganta asalinsa da jiki, don akwai tsohon labari cewa da hannun Sarki Henry na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135, aka tsayar da shi. Inda suka rabu da kamu shi ne, Turawa sun cire awon daga jikin mutum suka zuba shi a sandar ƙarfe, hukuma ta adana. A 1834 gobara ta cinye ginin majalisar dokokin Landan, sandar ta lalace, aka ƙera wata, doka ta amince da ita a 1855. A 1959 kuma ƙasashe shida, wato Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu, suka daidaita a kan cewa yadi mita 0.9144 ne cif, ba ƙari ba ragi.

Lissafin juyawar ba shi da wuya a baki. Kamu biyu yadi guda, wato kamu inci 18 ke nan, ko santimita 45.72. Kamu huɗu gaba guda, saboda haka gaba yadi biyu ce. Cikakken awon tafin hannu kuma ana ɗaukarsa rubu'in yadi, inci 9. Turmin atamfa mai yadi 6 ya zama kamu 12, ko gaba 3, kuma a Nijar, kamar sauran ƙasashen da Faransa ta mulka, ana raba shi zane uku, kowane zane yadi biyu. Lissafi ne mai daɗin haddacewa. Sai dai sulhu ne aka yi tsakanin awon da ke tsaye da awon da ke sauyawa daga mutum zuwa mutum, kuma duk abin da zai biyo baya a kan wannan sulhun yake.

Ta fuskar samuwa, kamu ba shi da abokin gasa. Makiyayin da igiyarsa ta tsinke a daji, da matar da ke saƙa tabarmar kaba, da manomin da zai sari itacen rumbu, kowannensu da ma'auninsa yake tafe. Ba a saye, ba a aro, ba a mantawa da shi a gida, ba ya kuma buƙatar mutum ya san karatun lamba. Sandar Landan da ta ƙone sai da aka yi shekara 21 kafin doka ta tsayar da madadinta, alhali ba ranar da Bahaushe ko Buzu ko Babarbare ya wayi gari ya rasa abin da zai auna igiya da shi.

Yadi kuwa ba ya tafiya sai da kayan aiki. Dole a sami sanda ko tef, dole kuma a sami wanda ya iya karanta abin da ke jikinsa. Tef yana tsufa ya miƙe, lambobinsa su goge, bakin sanda ya cinye. Amma a yi masa adalci, wannan uzurin ya yi rauni a yau. Tef ɗin tela ba shi da tsada, yana shiga aljihu, galibi kuma inci ne a fuska ɗaya, santimita a ɗaya fuskar, ga shi yaran da suka je makaranta suna nan a kusan kowane gida.

Ta fuskar daidaito kuwa, magana ta juya. A ɗauki mutum biyu, ɗaya dogo mai kamun santimita 50, ɗaya gajere mai kamun santimita 43. Idan kowannensu ya auna kamu 12, dogon zai fitar da mita 6, gajeren zai fitar da mita 5 da santimita 16. Tsakaninsu santimita 84 ne, kusan yadi guda, kuma kowannensu zai iya rantsuwa cewa kamu 12 ya auna, bai yi ƙarya ba. A ƙaramin abu bambancin ba ya ciwo, amma da awon ya yi yawa sai ya taru ya zama hannun riga, ko ɗankwali.

Yadi 6 kuwa mita 5 da santimita 49 ne a Tanut, haka yake a kasuwar Dole ta Damagaram, haka yake a Kantin Kwari ta Kano, haka yake a masaƙar da ta buga atamfar. Mai saye ya yi tsawo ko ya yi gajarta, awon bai san wannan ba. Shi ya sa ɗan kasuwa zai iya kiran abokin cinikinsa a waya ya ce, "Alhaji, a ɗoro mini turmi 50 a mota," ba tare da ɗayansu ya ga hannun ɗaya ba.

Batun amana ya fi wannan sarƙaƙiya, don kowane awo da irin ƙofar da yake buɗe wa ha'inci. A cinikin kamu, gardamar farko ita ce hannun wa za a bi. Mai sayarwa yana son nasa idan shi ne gajere, mai saye yana son nasa idan shi ne dogo, sau da yawa sai an nemo na uku ya raba, ko a rufe maganar da gyara: "Baba, ga wannan na ƙara maka, a yi haƙuri." Abin da ya kyautata wannan ciniki shi ne komai a fili yake. Wanda ya ji an tauye shi, nan take zai maimaita awon da hannunsa, jama'a na kallo.

A cinikin yadi ba a gardama a kan awon, amma ha'incin da ke cikinsa ya fi ɓuya. Ana iya rage sanda da ɗan yatsa biyu ba wanda ya lura. Ana iya ja wa ƙyalle jijiya lokacin awo, sai an kai gida ya koma yadda yake. Ana iya sayen turmi a naɗe, an rubuta yadi 6 a jikinsa, sai tela ya shimfiɗa ya tarar bai cika ba. Wanda bai riƙe tef ba, ba shi da hujjar da zai kawo. Gargaɗin da Alƙur'ani ya yi wa masu tauye awo bai ware kamu ya bar yadi ba, don ba a jikin ma'auni cutar take ba, a hannun mai aunawa take.

Ta fuskar dacewa da mai abu, kamu yana da wata hikima da ba a cika lura da ita ba. Dogon mutum ya fi buƙatar ƙyalle mai yawa, kuma shi ne mai dogon kamu, gajere kuma buƙatarsa kaɗan ce, kamunsa ma haka. Idan kowa ya auna wa kansa riga ko wando ko ƙotar gatari da hannunsa, awon zai fito daidai jikinsa ba tare da wani lissafi ba. Abin da ya zama aibi a ciniki, a nan shi ne alherin. Har a ranar ƙarshe ma haka ake yi a garuruwa da yawa: da kara ake auna mamaci a kai wa masu haƙa kabari, ba mai tambayar inci nawa ne.

Yadi ba ya ganin mutum, sai an bi jikin da tef an rubuta kafaɗa kaza, hannu kaza, tsawo kaza. Aiki ne da ya fi na kamu tsawo, amma idan an gama shi, awon ya zama abin da ake iya aikawa. Ango yana Falanko, telansa yana Damagaram ko Kano, a tura lambobi ta waya a ɗinko babbar riga ta zauna masa daidai. Kamu ba ya barin jikin mai shi, ba a sa shi a takarda a aika.

Tarihi ma ya ba kowannensu nasa zamanin, kuma Damargu ta ga duka biyun, don a kan hanyar ayari take tsakanin Abzin da ƙasar Hausa. Ita ce rumbun geron Abzinawa, suna kawo gishiri da dabino, suna komawa da hatsi da tufafi. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Damargu tare da ayarin gishiri, a nan ya rabu da shugaban tafiyarsu James Richardson wanda ya nufi Damagaram, shi kuma ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Ya tarar tufafin Kano suna kaiwa har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Wannan ciniki mai faɗi haka bai jira yadi ba. Masaƙa suna fitar da sawaye, siraran ƙyallaye masu tsawo, a ɗinke su gefe da gefe, a rina, a buga. Turkuɗin garin Kura da ke kudu da Kano, wanda Buzaye ke naɗawa har yau, haka ake yinsa. A Barno, wadda Damagaram ke kai wa gaisuwa a lokacin, irin waɗannan ƙyallaye da ake kira gabaga su ne ma kuɗin kashewa a kasuwa. Awon hannu ya riƙe wannan duka, saboda kowa ya san kayan, dillalai da fatoma kuma suna tsaye a tsakani suna lamunin amana.

Sai dai a wannan tafiyar dai Barth ya ga akoko da yadin Manchester a kasuwar Kano, sun ratso Sahara a bayan raƙuma. Kayan inji da awon injinsa yake zuwa. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar kaya ta juya daga arewa ta koma kudu, ayarin Tarabulus ya mutu. Daga nan tufafin da ke shigowa Damargu suka zama na masaƙun Turai, daga baya na Kaduna da Kano, yanzu kuma mafi yawa na Sin. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, wanda aka kafa a 1846, ƙasarsa ta mita ce, amma har yau da yadi yake yanka atamfarsa, saboda da shi kasuwar Afirka ta Yamma ta saba. Yadi bai ci nasara a Nijar da ƙarfin doka ba, ta hanyar kasuwa ya shigo, daga maƙwabciyar da Ingila ta mulka.

Akwai rauni guda da suka yi tarayya a cikinsa: dukansu tsawo suke faɗa, ba sa faɗin faɗi. Yadi 5 na atamfa, wadda faɗinta ya ɗan haura mita ɗaya, ba ɗaya yake da yadi 5 na shadda mai faɗi ba, balle kamu 10 na sawaye. Mutanen dā sun magance wannan da ƙirga yawan ƙyallayen da aka haɗa a zane ko rawani, har ya zama da yawansu da sirantarsu ake gane darajar turkuɗi. Mai sayen yadi a yau shi ma sai ya tambayi faɗi, in ba haka ba tela zai aiko masa a ƙaro.

Inda juyawar ta fi nuna haɗarinta shi ne bakin rijiya. Rijiyoyin Damargu suna da zurfi, da yawansu sai da dabba ake jan wasaki, kuma da gaba ake faɗin zurfinsu tun kaka da kakanni, har Hausawa kan yi wa mai zurfin ciki kirari da rijiya gaba dubu. Gabar mutum kusan tsayinsa ce, gabar lissafi kuwa yadi biyu ce, santimita 183, tsayin da maza da yawa ba su kai ba. A ce an auna rijiya da tef an sami yadi 60, sai aka ce wa mai ita ya sayo igiya gaba 30. Idan mai igiyar gabarsa santimita 172 ce, zai ba da mita 51 da ɗoriya, rijiya kuwa tana neman kusan mita 55. Guga zai tsaya fiye da mita 3 sama da ruwa, kuma ba wanda ya cuci wani. Da mai rijiyar ne ya auna zurfin da gabarsa, ya kuma auna igiyar da gabarsa, da ba a sami matsala ba. Da tef aka bi a duka wuraren biyu ma haka. Ɓarnar a tsakiya take, wajen tsallakawa daga wannan awo zuwa wancan.

Haka abin yake a zauren malamai. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa daga Damagaram har Sakkwato, ta sa nisan da matafiyi zai yi ƙasaru a kansa baridi huɗu, wato mil 48. Malaman Malikiyya sun saɓa a kan mil ɗin, wasu suka ce zira'i 2,000 ne, wasu suka ce 3,500. Idan aka bi 3,500, aka ɗauki zira'i rabin yadi, nisan zai zama yadi 84,000, kusan kilomita 77. Idan kuma aka ɗauke shi santimita 48, kamar yadda wasu malaman zamani suka ƙiyasta, sai ya haura kilomita 80 da kaɗan. Bambancin da bai fi faɗin yatsa ba a gwiwar hannu ya haifi kusan kilomita 4 a kan hanya. Zira'i ya ba hukuncin damar yin shekara dubu yana aiki a ƙasashen da ba su san awon juna ba. Awon zamani kuma shi ke ba direban da ya taso daga Tanut damar duba agogon motarsa ya san inda ya kai.

Kafin a yanke hukunci sai an tuna da na ukun da ke zaune a gefe. Mita ta fi yadi da santimita 8 da rabi, har ma yadi 12 bai cika mita 11 ba. Wanda ya biya kuɗin mita 10 aka auna masa yadi 10, an rage masa kusan santimita 86, asarar da ta kai ta tsakanin dogo da gajere a kamu 12. Najeriya ma ta koma tsarin mita tun cikin shekarun 1970, amma a rumfunan tufafi na ƙasashen biyu yadi bai gusa ba. Ke nan tsayayyen awo ma ba ya raba gardama sai an fara faɗin wanne ake nufi.

To, idan aka haɗa duka, hukuncin ba na kora ba ne, na rabon aiki ne. Duk inda kuɗi zai fita daga hannu zuwa hannu, ko kaya za su yi tafiya, ko mai awo daban mai amfani daban, yadi ya fi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce, don shi kaɗai ne ake iya kai ƙara a kansa a sami shaida. Duk inda mutum yake auna wa kansa abin da zai yi aiki da shi da jikinsa, kamu da gaba sun wadatar, sau da yawa ma sun fi dacewa. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauki "kamu biyu yadi guda" tamkar doka, alhali ƙiyasi ne, yana aiki a ɗankwali, yana cutarwa a igiyar rijiya. Shawarata ga mai karatu ita ce ya ari tef sau ɗaya ya auna kamunsa da gabarsa, ya riƙe lambobin a ka. Daga ranar zai iya shiga kowace kasuwa ya gwada sandar mai rumfa da hannunsa. Mai sayarwa kuma ya faɗi awon da zai bi tun kafin a yanka kuɗi, ko yadi, ko mita, ko kamu, in kamu ne kuma a faɗi na wa.